Rijiya biyu a kufan gidan kakanmu

Waɗanda suka saba jin muryata da safe sun san aikina tambayar mutane ne. To wannan karon ni aka tambaya na rasa amsa, shi ya sa na ce bari in rubuta abin a nan, ko Allah Ya sa wani ya tsira daga abin da ya kusa cin mu.

Ƙarshen damanar 2024 ne. Na hito daga studiyo ke nan, ko ruwa ban sha ba, sai ga kiran taubashina daga ƙauye, can gabas da Mirya. Shi ke noma kufan gidan kakanmu tun shekara ukku da suka wuce. Na ɗauka tsokanar da muka saba ce, sai na ji muryarsa ba daidai ba. Ya ce yana jan amalanke zai kwashe kara, sai ƙasa ta buɗe, ƙafafun baya na sa suka nutse. Mutum takwas suka taru da igiya kafin a hiddo shi, kuma ƙafa guda ta karye, dole aka kira mahauci. Yaronsa ɗan shekara bakwai yana bisa amalanken lokacin, Allah Ya kiyaye gefe ya faɗa. Da suka leƙa ramin ba su ga ƙarshensa ba, suka jefa dutse, sai da aka ɗan jima suka ji ya faɗa ruwa.

Sai ya ce mini: "Kai da ka yi lakwal, kullum kana ba mutane tarihi a rediyo, akwai rijiya cikin gidan Kaka?"

Wallahi ban sani ba. Ya ce to in tahi Karkada in tambayi Inna, tunda kunnenta ba ya jin waya.

Gidan nan na san shi, ko in ce na ɗauka na san shi. Duk vakans can ake kai mu. Ina tuna zaure mai sanyi da azara baƙa ƙirin don hayaƙi, ina tuna soron Kaka da indararo biyu da muke wanka ƙarƙashinsu in ana ruwa, da rumbuna a bayan gida, da randa da aka binne rabinta cikin yashi, ruwanta ya hi na frigo daɗi. Ruwan kuwa daga rijiyar siminti ta tsakiyar gari mata ke ɗauko shi, irin waɗanda OFEDES ta yi ta ginawa cikin karkara bayan samun ƴancin kai. Ban taɓa ganin guga cikin gidan ba. Bayan rasuwar kakarmu mutane suka watse, wasu Damagaram, wasu Kano, wasu Agadas. Gidan ƙasa kuwa kun san halinsa, yana son yaɓe duk shekara kamar yadda jiki ke son mai. Damana biyar ba hannu, soro ya zauna. Aka zare azara aka raba, gero ya hau kan sauran.

Abin da ya ƙona mini rai bisa babur ina tahiya Karkada shi ne na tuna muna lise akwai littafin faransanci mai hotunan manyan gidajen sarakunan Faransa. Har yau in ka tashe ni daga barci zan gaya maka Chenonceau bisa kogin Cher aka gina shi. Na samu maki mai kyau a kan wannan. Amma gidan da aka yanke wa mahaifina cibiya, ban iya ce maka ga inda ruwansa yake ba. Ba na zargin mushen da ya koya mana, abin da aka ba shi ya ba mu. Ni ne ban taɓa zama na yi tambaya ba, alhali mikro na hannuna shekara goma sha ɗaya.

Na iske Gwaggo bisa tabarma tana jan tasbaha. Ta haura tamanin, ido ya yi rauni. Bayan gaisuwa na matsa kusa da kunnenta na ce: "Gwaggo, rijiya ta buɗe a kufan gida." Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Cewa ta yi: "Wace daga ciki?"

Nan jikina ya yi sanyi. Na ce ashe ba guda ba ce? Ta ce biyu ne, ɗana. Sai Allah Ya ba ni dabara na hiddo waya na danna ɗaukar murya, na aje kusa da ita. Ta sa aka miƙo mata tsinken tsintsiya, ta share yashi da tafin hannu, ta fara zana gidan ubanta tana magana. Ga zaure yana kallon yamma. Ga turken doki hannun dama. Ga shigifa, ga ɗakin uwargida, ga na amarya, ga madafa, ga tsamiya. Mace da ba ta iya gane fuskata sai da murya, amma ba ta yi kuskuren ɗaki ko guda ba, har da ɗakin da ni ban taɓa sani ba don ya faɗi kafin a haife ni.

Ta ce rijiyar fari kakanta ne ya sa aka gina, kusa da turke, don baƙi da dabbobinsu, saboda gidan bakin hanya yake kuma fatake na yada zango. Ruwanta zartsi ne, ba ya kumfa da sabulu, sai dai dabba da wanke-wanke. Ta biyu mahaifinta ya gina daga ciki, bayan madafa, don matan gida su daina hita, gaba tara, ruwa mai daɗi har maƙwabta na aiko ƴaƴansu da tulu. Ta zartsin an rufe ta tun tana budurwa, bayan akuya ta faɗa. Aka jera azarar giginya, aka shimfiɗa zana, aka zuba ƙasa. Ta cikin gida kuwa ta kai har yunwar 1984, wadda tsofaffinmu ke ce wa El-Buhari. Shekarar nan ruwa ya ja baya, sai laka guga ke kawowa, maza sun tahi cin rani ba mai yashe ta, yara kuma sun yi yawa a tsakar gida. Aka rufe ta da itacen da hannu ya kai gare shi, da niyyar in an samu sauƙi a buɗe. Sauƙi ya zo, amma an riga an saba da ta siminti.

Minti arba'in da bakwai ta yi tana magana. Da ta gama ta shafe zanen da hannunta kamar yadda ake yi in an gama dara. Allah Ya taimake ni na riga na ɗauki hoto.

Ranar lahadi, ranar kasuwar Mirya, na kama hanya. Da na isa kufan sai na tsaya kamar baƙo. Ba zaure, ba katanga, sai tudu-tudu na jar ƙasa da guntayen tukwane, da tsamiya tana nan inda take. Da hoton zanen Gwaggo muka gane wadda ta buɗe ita ce ta bayan madafa. Ke nan ta zartsin tana nan wani wuri ƙarƙashin ƙafafunmu, da murfin da ya haura shekara sittin.

Aka ce akwai wani tsoho a garin da yana saurayi shi ke shiga yasar rijiyoyi. Muka same shi gindin bedi. Na ce: "Baba, taimako muka zo nema." Ya saurara, ya yi dariya, ya ce shi ya taɓa shiga ta cikin gidan har sau biyu, kuma ladansa ƙwaryar hura ce da goro. Ya ɗauko sandar ƙarfe muka taho. Bai dubi hoton wayata ba ma. Ya tsaya gindin tsamiya, ya dubi gabas, ya dubi inda ciyawa ta hi tsawo, ya ce rijiyar da aka rufe ba ta iya ɓoye kanta ga wanda ya san ta: ƙasar wurin takan ɗan lotsa kamar akushi, ruwan sama ya kwanta a kai, kuma haki ya daɗe bai bushe ba. Ya yi ta caka sandar yana saurare. Wuri na huɗu ƙarar ta canza, ta zama kamar an buga ganga. Ya ɗago ya ce: "Ku ja da baya."

Jama'a, wurin nan taku ukku ne daga ƴar hanyar da yaran unguwar ke bi zuwa lakwal safe da yamma.

Na tambaye shi mi ya sa tsohuwar ta riƙe, sabuwar ta rufta. Ya ce azarar giginya ce, gara ba ta cin ta da sauƙi. Mutanen da suka rufe ta fari suna da hali da lokaci, suka sa abu mai kyau. Na 1984 yunwa ke korar su, suka sa abin da suka samu. Ya ƙara da cewa ko giginya tana da ranarta, kuma damana irin ta bana, da ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi, ita ce ke kai ta.

Taubashina ya ce bari a ɗaura masa igiya ya sauka cikin wadda ta buɗe ya ga yadda take. Tsohon nan ya daka masa tsawa irin wadda ban zaci tana cikin ƙirjinsa ba. Ya ce rijiyar da ta daɗe a rufe iskarta ta mutu, mutum na sauka zai ji kansa ya yi nauyi, kafin ya ce a ja shi ya tahi, wanda ya bi shi don ceto shi ma ya tahi. Su a zamaninsu sai sun bar ta a buɗe kwanaki, sannan su zura fitila da igiya, in ta mutu ba mai sauka. Ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe maganar nan. In mutum ko dabba ta faɗa tsohuwar rijiya, kar wani ya yi jarumtaka. A kira ƴan pompiye a lamba 18, ko a nemo masu sana'ar.

Muka kewaye wuraren biyu da ƙaya. Na ɗauka aiki ya ƙare, ashe yanzu ya fara.

Da labari ya kai ga dangi cewa ina yawo da waya ina ɗaukar muryar tsofaffi kan iyakar gida da inda ɗakin wane yake, sai wani baffana ya kira ni. Bai ko amsa gaisuwa da kyau ba ya ce: "Ɗana, rabon gado kake shiryawa ba mu sani ba?" Na rantse masa ba haka ba ne. Ya ce to mi ya kai ka auna hili da taku? Da farko na ji haushi, daga baya na gane yana da hujja. A ƙasar nan in ka ga mutum da kaye da bik yana zagaya kufai, galibi parsel ake shirin yankawa. Kuma zanen Gwaggo ya nuna wani abu da ba kowa ke son ji ba, wato katangar gidan ta da ta wuce inda maƙwabcinmu ke shuka yanzu. Tarihin gida ba ya zuwa shi kaɗai, yana jawo tsohuwar rigima a bayansa.

Abin da na yi, na tura wa kowa muryar gaba ɗaya a WhatsApp na dangi, ban yanke ko daƙiƙa ba, na ce ga ta nan, ta kowa ce. Baffan nan da kansa ya kira ni bayan kwana biyu. Ya ce ya saurara har sau ukku, kuma wurin da Gwaggo ta ambaci ɗakin mahaifiyarsa, da yadda take aje masa ɗumame bisa bakin rijiya, ya kasa ci gaba. Maganar iyaka muka bar ta inda take, ba mu taɓa maƙwabci ba. Aka yi karo-karo, wani jika biyu, wani jika biyar. Ta zartsin aka buɗe ta da hankali aka cike da yashi da duwatsu. Mai daɗin aka yi mata murfin siminti. Har yanzu ana gardama, wasu na son a gyara ta a yi garka, wasu na cewa kuɗin ya hi amfanin. Ni ina cikin masu son garka, amma ba ni ke zaune can ba, don haka ba na ɗaga murya.

Tun daga nan idona ya buɗe kan garinmu. Damagaram gari ne da ruwa ya rubuta tarihinsa. Bisa dutse muke zaune, ruwan ƙasa ba ya samuwa da sauƙi, shi ya sa har yau daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram ake turo mana shi, kuma duk wanda ya taɓa kwana a layin pampo da bido cikin watan Afrilu ya san zancen. Nan ne babban birnin Nijar har 1926, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka maida shi Yamai. Ko labarin shigowarsu akwai rijiya a ciki: Kyaftin Cazemajou da aka kashe a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga, rubutattun labarai sun ce cikin rijiya aka jefa gawarsa da ta tafintansa, shekara guda bayan haka aka yi yaƙin Tirmini gari ya faɗa hannun Faransa. To garin da ruwa ke da wannan matsayi, rijiya nawa aka gina cikin gidajen Birni da Zango tun zamanin Sarki Tanimu? Nawa aka rufe aka yi ɗaki a kai? Kududdufi nawa, da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu kuma suke shanye ruwan damana, aka cike da shara aka saida? In ruwa ya zo bai iske mazauninsa ba, ɗakin wani zai shiga.

Ranar 3 ga Satumba 2024 dukanmu mun ga bidiyon tsohon masallacin Birni yana zubewa bayan ruwan sama, ginin da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Kowa ya yi jimami, kuma ya cancanta. Masallacin dai an san shi, akwai hotunansa, akwai masu iya faɗin fasalinsa. Amma cikin damanar nan gidajen ƙasa da yawa sun faɗi cikin unguwanni da ƙauyuka, ba hoto, ba zane, ba wanda ya rubuta sunan maginin. A Birni akwai gidan da ake nuna wa baƙi don Heinrich Barth, wanda ake ce wa Abdul Karim, ya sauka ciki a ƙarshen 1852. Ya yi wajen wata guda ya wuce. Mutanen da suka yi shekara ɗari cikin gidajen da ke kewaye da shi, su wa ya rubuta su?

Ƴan uwanmu na Maradi sun hi mu sanin wannan ciwo. Ambaliyar gulbi ta 1945 ta ci tsohon gari, aka tashi aka hau tudu aka yanka sababbin tituna. Waɗanda suka ga tsohon garin da idonsu suna yara, yau sun haura tamanin. In ba a zauna da su yanzu ba, nan da ɗan lokaci ba mai iya nuna inda ƙofar gidan kakansa take cikin fadama.

Kar a fahimce ni ba daidai ba. Ba ina cewa kowa ya koma gidan ƙasa ba. Ni kaina gidan siminti da kwano nake haya, kuma matar da ta kwana tana tare ɗigon ruwa da kwanoni ba ta buƙatar wani ɗan rediyo ya yi mata wa'azin kayan tarihi. Gida zai faɗi, wani a rushe shi da gangan, haka duniya take. Abin da nake cewa, kafin ya tahi a ɗauke shi, kuma a san abin da ke ƙarƙashinsa. Marigayi André Salifou ya rubuta tarihin sarautar Damagaram, a Yamai akwai IRSH da CELHTO da suka daɗe suna adana muryoyin tsofaffi. Sun yi nasu. Amma ba wani mai bincike da zai zo daga Yamai don rijiyar bayan madafar kakarka. Wannan aikinka ne, kuma kayan aikin na cikin aljihunka.

Ga yadda nake yi yanzu, na kuma yi wa gida shida cikin dangi da abokai. Ina fara gaya wa manyan gida abin da nake so da dalili, don kar a ce gado nake nema. Ina neman tsofaffin mata kafin maza, don su suka san ruwa, su suka ja guga. Ba na cewa a ba ni tarihi, wannan kalma tana sa mutum ya fara lissafin sarakuna. Cewa nake: in na shigo zaure, mi zan gani hannun dama? Daga nan magana ke zubowa. Ina tambayar rijiya nawa, gaba nawa, zartsi ko daɗi, wa ya gina, yaushe aka rufe, da mi aka rufe. Ina tambayar tsohuwar salga da ramin da aka ɗebi ƙasa, don su ma suna rufta wa mutane. Ina auna komi daga abin da ba ya tashi, kamar tsamiya ko kuka ko dutse. Sannan in zana cikin kaye, in ɗauki hoto, in tura wa mutum ukku aƙalla, don waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. In rijiyar na kusa da hanya, mai gari ko mai unguwa ya kamata ya sani ranar nan. Cikin gida shidan nan, biyu an samu rijiyar da masu zama ciki ba su san da ita ba.

Watan jiya na koma Karkada da wasu tambayoyi da na manta. Na ce: "Gwaggo, wa ya gina soron Kaka?" Ta yi shiru, ta ce sunan na bakinta amma ya ƙi hitowa. Ta fara zanen gidan kuma, sai ta sa madafa inda turke yake, ta tsaya, ta aje tsinken. Na kunna mata muryarta ta bara kusa da kunne. Ta saurara tana gyaɗa kai, can ta ce: "Wannan matar ta san gidanmu."

Sunan maginin dai ya tahi, ban tambaya ba lokacin da ake iya samu. Ku da ke da tsoho ko tsohuwa a gida, kar ku jira sai Salla. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya tsare mana ƴaƴanmu.